Babana da Sarƙar da Ta Ƙi Tsinkewa

Babana mai walda ne tun kafin a haife ni. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe na rabin unguwarmu daga hannunsa suka fito, kuma tinƙahonsa ɗaya ne: ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Muna cikin tafiya sai ya tsaya ya jijjiga ƙofar gidan mutane, ya ce, "Kin gani? Tun kina goye na yi ta." Ni kuwa kamar in nutse don kunya.

Sai bayansa ya ƙi. Likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya sake ɗagawa. Aka rufe rumfa, aka sayar da inji, Baba ya dawo gida ya zaune mini. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena kowa na gidansa, ni kaɗai na rage da shi. Safe faɗa kan murfin buta, rana faɗa da rediyo, yamma in dawo daga kantin maganin da nake aiki in tarar ya kwance fanka ya baje ta a tsakar ɗaki, fankar da lafiyarta ƙalau. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Daga baya faɗan ma ya daina. Ya koma kallon bango, abinci sai na yi da gaske yake taɓawa. Wannan shirun ya fi faɗan tsorata ni.

Tsallaken titi daga kantinmu akwai shagon duwatsun ado. Mai shagon sa'ar babbar yayata ce, kowa Anti yake ce mata. Tana da dogon tebur a can ciki inda take koya wa mutane shirya duwatsu da gyaran sarƙa da ɗan kunne, wanda hannunsa ya faɗa kuma ta riƙe shi. Na je na roƙe ta.

"Tsoho, kuma mai walda?" in ji ta. "Ke dai kina neman inda za ki ajiye shi ne."

"Ban musa ba, Anti."

"Kujera ɗaya ta rage mini, kuma akwai masu jira. Ya zo mu gwada."

Ranar farko Baba ya sa babbar rigarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka zaunar da shi tsakanin matan aure biyu, aka ba shi faranti da zare da 'yar filaya wadda ta ɓace a tafin hannunsa. Yatsun nan da suka sha wuta ba sa jin ƙananan duwatsu. Ya ɗauki ɗaya, biyu su gangara ƙarƙashin tebur. Matan suna dariya, suna ce masa sabon ɗalibi. Launi kuwa sam bai gane masa ba, sai ya jera ja da ruwan hoda ya ce ai duk ja ne. Amma wajen gyara Anti ta yaba. Ƙugiyar da ta karye, ɗan kunnen da ya lanƙwashe, kallo ɗaya yake musu. Ya fara kiranta Malama, ita tana ce masa Baba. Ya dawo cin abinci. Har surutu yake mini a hanya, ni ina tafe ina hamma.

Abin da ke ci masa rai shi ne ƙananan zobban da ke haɗa sarƙa da ƙugiyarta. Matse bakinsu kawai ake yi da filaya. "Wannan ai ha'inci ne," yake ce mini. "Da yatsa ma sai in buɗe shi." Ashe ya ɗauki mataki ba mu sani ba. Ya samo tsohuwar wayar birkin keke, ya warware ta sili-sili, yana zura duwatsu a kanta maimakon zare, bakin zobban kuma yana liƙe su da dalma a gida.

Wata ranar da yamma na tsallaka ɗaukarsa, na tarar shagon tsit. Wata mata na tsaye da 'yarta ƙarama, ta ɗaga haɓar yarinyar tana nuna wa kowa. Jan layi ya zagaye wuyan, wani wajen har ya fashe. Sarƙar da Baba ya gyara ce ta maƙale a lilo yarinyar na saukowa, ta rataye ta, sai da wani mai wucewa ya ɗaga ta. Uwar ta wanke Anti tas. Anti ta yi ta ba ta haƙuri.

Da suka fita, Anti ta ɗauki sarƙar ta ja da ƙarfinta. Ko gezau.

"Baba, zoben nan da kake rainawa, da gangan ake barinsa haka. Idan abu ya kama, shi zai buɗe, ba wuyan mutum ba."

"Malama, ni ban iya aikin da zai lalace ba."

"To ni ba ni da kujerar wanda bai iya ba. Ga zare, ga filaya. Ka yi mini wadda zan tsinka da yatsu biyu. In ba haka ba, mu rabu lafiya."

Na jingina da kantar shagon, ƙafafuna na zogi, ina tuna bangon nan na ɗakinmu da yadda zai koma kallonsa. Ta farko ya yi, Anti ta ja, ta ƙi: ya ninka zaren ba tare da ya lura ba. Ta biyu ya matse zoben har bakinsa ya hau kan juna. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. A ta ukun ya matsa filayar kaɗan, ya tsaya, ya ajiye ta da sauri kamar ta ƙone shi. Ya miƙa sarƙar yana kallon gefe.

Anti ta sa yatsu biyu ta fizga. Zoben ya buɗe, zaren ya zame, duwatsu suka watse a siminti.

"Yawwa," in ji ta. "Gobe ka zo da wuri, akwai gyara da yawa."

Baba ya dafa tebur ya durƙusa da bayan nan nasa, yana tsintar duwatsun ɗaya-ɗaya. Na sunkuya zan taya shi, ya ture hannuna.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Nan ya tsaya yana haki, ya ce, "Na yara nawa na gyara kafin wannan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani. Fuskokin iyayen ma na riƙe. Gobe in kin tashi aiki, ki raka ni mu karɓo sarƙoƙin."

Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba. Na ce masa to.