Ramin Farar Ƙasa

Duk sanda aka yayyafa wa bangon ƙasa ruwa, ƙamshin nan ya taso, sai in gan ni a kwarin bayan garinmu, can wajen Babura, riƙe da kwando. Nan mata suke haƙo farar ƙasa idan Sallah ta matso, a jiƙa, a shafe ɗaki ya yi fes.

Gaɓar kwarin hawa-hawa take, kamar an jera tabarmi: ja a sama, sai mai tsakuwa, farar kuma can gindi. Ta baki-baki ta ƙare tun zamanin kakanni, don haka rarake ta ake yi, mutum ya shiga da rarrafe. Na taɓa tambayar Inna, mahaifiyata, wa ya jera su haka, me kuma ya riƙe na saman.

"Ke dai da tambaya kamar alƙali," in ji ta. "Dutse ne. Kin taɓa ganin dutse ya gaji? Miƙo kwandon."

A shekarar da Sallah ta faɗo tsakiyar damina, Inna ta shiga ina tsaye a bakin ramin. Sai ramin ya rufta. Ba wata ƙara aka yi ba, kamar dai an sauke buhu. Maza suka zo da fartanya, wasu da hannu. Kafin a kai gare ta rai ya yi halinsa. Ɗakinmu bai ga fari ba a Sallar nan.

Sai da na aurar da 'yata sannan na shiga ajin manya a Kazaure. Wata rana malamarmu ta zuba yashi da laka da tsakuwa a kwalba, ta cika ruwa, ta girgiza, ta ajiye. Suka kwanta hawa-hawa. Ta ce haka ruwa yake shimfiɗa su, na sama ya danne na ƙasa, zamani bayan zamani, har su manne su zama dutse.

"Malama, wanda bai gama mannewa ba fa?"

Ta ce in ya sha ruwa, aka cire abin da ya tokare shi, saukowa zai yi. Na fita waje na zauna.

Ajali ne, na sani, kada wani ya yi mini wa'azi. Amma yanzu da fenti ya kori farar ƙasa, masu lodin tifa ne suke rarakar yashi a gindin gaɓar. Kwanan baya na tarar da wani magidanci a ciki, na ce ya fito.

"Iya, abincinmu ne."

"Fito, na ce!"

Ban gusa ba sai da ya fito yana gunaguni. Gobe zai koma, ni kuma gwiwata ba kullum take kai ni can ba.