Yayana da Tiyon Fonfo

Jiya ina kankare gindin tukunya sai marigayi yayana ya faɗo mini a rai. Shi ne mai gyaran tiyo a Filinge, kuma ba ya aiki sai da baƙin tukunyata.

Shekarar da za a sa wa fonfon unguwarmu kwantar, abin auna ruwa, an rufe fonfon, muka koma rijiya mai nisa. Kowane tiyo yana da faifan ƙarfe a baki, kuma sai faifai biyu sun haɗu lif kafin a ɗaure. Yakan shafa baƙin tukunyar a ɗaya, ya manna da ɗayan, ya murza. Inda baƙin ya kama, nan ne tudu, sai ya bi shi da magagari. Har yau ina jin ƙarar nan a haƙorana.

Na ce, "Yaya, wuyanmu ya ƙage da tulu. Sa roba mai kauri ka ɗaure hakanan mana!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ke dai, uwar gaggawa. In bakin ya karkace ruwa zai zurare, abin awon ya yi ƙarya, a sake rufe muku. Kawo wata tukunyar."

Na kawo ina harararsa. Da aka buɗe fonfon, ko ɗigo bai fita ta mahaɗin ba, ba a kuma sake rufe shi ba. Ban yi masa godiya ba, mu a ɗakinmu ba mu saba da ita ba.

Allah shi saka maka, Yaya, shi sanyaya makwancinka.