Malam Tijjani da Klabiyen Barakatu

Da an fito sallar asuba, Malam Tijjani ba ya komawa barci. Yakan sha kununsa, ya tura tsohuwar motonsa, wato babur, har bakin titi kafin ya tayar da ita, don kada ya tashi maƙwabta. Shagonsa yana bayan kasuwar Magariya, tsakanin tela da mai sayar da buhuna. In ya buɗe ya share, sai ya kunna ordinatocinsa, wato kwamfutoci, ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango. A ciki yake rubuta ciwon kowace na'ura da aka kawo masa, da ranar, da abin da mai ita ya faɗa da bakinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. Bana ido ya fara gaza masa, ya ce zai rage aiki. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da aka gani tun yana ji.

A nan wajenmu klabiye, wato allon haruffan ordinatar, iri biyu ne. Wanda ya zo ta Damagaram jerinsa daban, wanda ya zo ta Kano jerinsa daban. Wanda ya saba da wannan, in ya hau wancan sai yatsunsa su ɓata hanya. Tijjani ya gaji da jin kuka, ya zauna ya rubuta wata ƴar manhaja da kansa, wadda mutum zai buɗe ya ɗauki kowane harafi ya ajiye shi a madannin da yake so. Ya yi ta zuba wa mutane ita, bai ko sa mata sunansa ba.

Barakatu ita ce sakatariyar ƙungiyarmu ta manoman wake da riɗi a Dungas. Ni da na shiga ajin manya da furfura a gemu, a takardunta na fara gwada karatuna. Bara moto ta kayar da ita, hannunta na dama ya daina aiki. Kwamiti ya zauna, shugabanmu Labbo ya ce da ita: "Ƴata, ba korarki muke ba. Amma ranar babban taron kaka, in ba ki iya buga rahoto a gaban jama'a ba, dole mu nemi wani." Wata biyu suka rage.

Tijjani ya zo ya zauna da ita wuni guda, yana kallon inda yatsunta na hagu suke kaiwa ba wahala. Ya tattaro haruffan da aka fi bugawa ya jera mata su a nan. Cikin mako biyu hannu ya fara gudu. Sai matsala ta ɓullo. Da safe komai lafiya. Bayan azahar, ta danna wannan harafi, wani ya fito, takarda duk ta dagule. Washegari da safe kuma lafiya lau.

Ya zo har sau huɗu a kan hanyar nan mai rairayi. Ya sake klabiye. Ya wanke na'urar daga ƙwayoyin cuta. Ya zargi zafin rana, ya zargi batirin sola, ya goge manhajar ya sake zubawa. Abin da ya fi ci masa rai, duk ranar da yake nan, daga safe har la'asar ko harafi ɗaya ba ya kuskurewa. Da ya tafi sai abu ya dawo.

Sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce faɗuwar nan ba hannu kaɗai ta taɓa ba. Labbo ya ja Tijjani gefe, ina tsaye: "Malam, faɗa mini tsakani da Allah. Na'ura ce, ko kan yarinyar ne ke gajiya da rana?"

Ya ce, "Shugaba, ban gane ba tukuna. Amma ban gama da aikina ba, kada ka fara da kanta."

Ita kanta ta fara yarda da zancen. Ta ce masa, "Malam, ka huta haka nan. Wataƙila ni ce."

"In ke ce, za mu sani. Yau dai ba zan taɓa na'ura ba. Ba ni labarin wuninki, tun daga buɗe ƙofa."

"Kai Malam, wunina har wani labari ne?"

"Shi na zo ji."

Ta fara. Ta buɗe buro, wato ofishin ƙungiya, ta share, ta kwance makulli daga bakin mayafinta ta buɗe kabad, ta fiddo klabiye ta jona, ta kunna na'ura.

Ya ɗaga hannu. "Dakata. A kabad yake kwana?"

"Tun da aka ɗauke mana na fari. In zan fita salla ma, cirewa nake in kulle."

"Na'urar fa?"

"A kunne nake barinta. In na kashe, kafin ta farka an yi la'asar."

"To me ya sa ban taɓa ganin kin cire ba?"

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Haba Malam! Kana zaune a buro in kulle kaya a gabanka? Ai na ce maka ɓarawo ke nan."

Tijjani ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Ashe kunyata kika ji, ciwon ma ya ji kunyata." Ya sa ta cire wayar klabiyen ta mayar. Nan take, a gabanmu, haruffa suka watse. Ya bayyana mana a sauƙaƙe: manhajarsa sau ɗaya take shimfiɗa jerin Barakatu, lokacin da aka kunna na'ura. In an cire klabiye aka mayar, na'ura sai ta ɗauke shi baƙo, ta ba shi tsohon jeri.

Labbo ya ce, "Shi ke nan, sai ta daina cirewa."

Tijjani ya ce, "A'a. Ita tana tsaron kayanku ne, daidai ta yi. Ni ne na rubuta abu kamar kowa a shagona yake aiki. Nawa za a gyara."

Ya koma Magariya, bayan kwana biyu ya dawo da gyara. Aka gwada, abu ya fi da lalacewa: yanzu in an mayar da waya, manhajar tana ɗora jeri a kan jeri, haruffa su juye sau biyu. Bai ɓoye ba, ya rubuta a littafinsa, ya hau moto. Zuwa na bakwai ya sa Barakatu ta cire ta mayar sau hamsin, ina ƙirgawa. Ko ɗaya bai kuskure ba.

Ranar taron kaka ta zauna gaban mutanen ƙauye goma sha ɗaya. Aka tashi azahar, ta cire klabiye ta kulle a gaban kowa. Aka dawo, ta jona, ta ci gaba. Kafin a yi addu'ar tashi rahoto ya fito, Labbo ya sa hannu. Har yau ita ce a kujerar.

Malam Tijjani, mai kunne kafin hannu. Kai ne ka ƙi yarda a ɗora wa mace laifin da ke cikin aikinka. Kai ne ka bi hanyar Dungas sau bakwai saboda yatsu biyar. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske.

Ku da kuka gaji wannan sana'a, in an kawo muku abin da ya ƙi lalacewa a gabanku, kada ku ce mai shi ne bai iya ba. Ku ajiye kayan aiki, ku ja kujera, ku ce ya ba ku labarin wuninsa.