Tayin da Muka Yi wa Malam Yusha'u

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Alhaji Tasi'u makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo, mutane sukan tuna shi da kyauta da barkwanci. Ni kuwa sai in tuna shi tsaye a wani ɗakin otal a Guangzhou, hula a hannu, ransa a ɓace, don ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, lokacin masu zuwa China sarin kaya daga wajenmu ba su da yawa. Ƙungiyar ci gaban garinmu tana da makarantun firamare uku da jama'a suka gina da guminsu, aka yanke shawarar ɗauko mutum ɗaya gogagge ya riƙe su duka: ya ɗauki malamai, ya sa ido a kan karatu, ya tsara kasafin shekara. Mu biyar ne 'yan kwamiti, duk 'yan kasuwa, kuma aka yi dace duk muna Guangzhou a wannan zuwan. Shugabanmu Alhaji Bala ya ce ba sai mun koma gida ba, a nan za a gama magana.

Wanda Yaya ya ƙallafa wa rai shi ne Malam Yusha'u, tsohon sufeton makarantu da bai daɗe da ajiye aikin gwamnati ba. Yaya bai yi boko ba, daga allo sai kasuwa. A Shisanhang, layin masu sarin tufafi, da kalkuleta da nuni da yatsa yake ciniki, kuma abin yana cin ransa ko da yana mai da shi wasa. 'Ya'yansa suna cikin makarantun nan, ya kuma sha faɗa mini cewa ba zai yarda su ma su girma suna nuni da yatsa ba.

Malam Yusha'u ya faɗi albashin da yake so, ya kuma kafa sharaɗi ɗaya, cewa a ware albashin malamai na shekara guda kafin a sayi ko tsinke. Amma mu mun riga mun zaga kasuwar Shahe, mun ga yunifom da jakunkunan goyo, an kuma kai mu wajen masu kujerun ƙarfe masu sheƙi. Ido ya gani, rai ya biya. Aka yi lissafi, aka ga in za a cika kwantena da waɗannan, to sai an zaftare albashi.

Wanda bai taɓa sari a can ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A kasuwannin nan, in mai kaya ya faɗi kuɗi, sai ka taya rabi. Ya kaɗa kai ya ce "meyo", wato babu. Sai ka juya ka kama hanya kamar ba ka da buƙata. Kafin ka kai bakin layi za ka ji ana kiran "lawban, lawban", maigida ke nan, an biyo ka da gudu. Alhaji Bala gwanin wannan juya baya ne, da shi ya yi arziki, kuma ya ce da shi zai kawo mana Malam.

Yaya ya ce, "Alhaji, Malam ba dilar yadi ba ne. In ka juya masa baya ba zai biyo ka ba."

Alhaji Bala ya yi dariya ya ce, "Haba Tasi'u, kowa da farashinsa. Ɗan fansho ne fa, ina za shi?"

Aka ɗaga hannu, ni da Yaya muka sha kaye. Aka buga waya shagon wani ɗan garinmu a Kano inda Malam yake zaune yana jira. Alhaji Bala ya taya rabin albashin, ya ce aikin ai bai kai yadda ake zuzuta shi ba, akwai samari da yawa masu nema. Ya rufe da "sai ka yi shawara", ya kife wayar, ya ce kada kowa ya sake bugawa sai ya ba da izini. A nan ne Yaya ya cire hularsa ya miƙe. Bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi araha ba ta ado, ya fita.

Da aka ga dama aka sake bugawa, mai shago ya ce Malam ya yi godiya, ya kuma riga ya ba mutanen wani gari da ke maƙwabtaka da mu alkawari. Yaya ya bar mini kayansa in sa su a jirgi a filin jirgin sama na Baiyun, ya riga mu komawa, yana cewa zuwa da kai ya fi aike. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, amma ya ce bakinsa ɗaya ne.

Kwantena ta iso lafiya. Yara suka sa sabon yunifom, aka ɗauki hoto, aka yi mana addu'a. Saurayin da muka ɗauka a araha ba mugu ba ne, sai dai ba wanda zai iya riƙe malamin da albashinsa ba ya zuwa. Na kirkin suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu kuma garin da Malam ya je suka nufa. A ƙarshe Yaya da kansa ya riƙa tura 'ya'yansa can a bayan a-kori-kura, kuma na san ranar da ya fara hakan bai ci abincin kirki ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce in ya ga yau. Yanzu daga Guangzhou kana kallon fuskar wanda kake magana da shi a waya, wataƙila da haka ne a lokacin, da kunya ta hana a kife wa dattijo waya. Amma ban tabbata ba. Makarantu sun cika kowane lungu, ƙofa ta sha fenti, mota ta sha fenti, malamin kuwa ana taya shi kamar tumatir da yamma. Ina jin Yaya zai sake cire hularsa ne kawai.

Shagonsa yanzu wani ne a ciki, sunansa ma an goge daga allon. Kujerun ƙarfen suna nan daram a azuzuwan da sau da yawa ba mai tsayawa a gabansu. Abin da ya rage mini na Yaya shi ne wannan miƙewar da ya yi, da kuma shaidar da aka ba shi ranar sadakar uku. Malam Yusha'u ya zo gaisuwa yana dogara sanda, ya zauna kusa da ni. Da zai tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwanka shi kaɗai ya tako ya ba ni haƙuri. Wallahi da cewa kuka yi ba ku da kuɗin, da na zo muku ko a rabin rabin. Amma cewa kuka yi ban kai ba."