Ƙurajen Mma da Ba Sa Tafiya

Salaga

Da asuba muka fita neman magani, ni da mahaifiyata Mma Zenabu, ta naɗe fuska da mayafi sai idanu. Ƙananan ƙuraje ne masu tauri suka fito mata a gefen hanci da ƙarƙashin ido, ba zafi, ba ruwa, sai ƙaruwa. Ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa kansa ce, wato cutar daji, irin wadda ta kashe yayarta. Ta daina sayar da koko, har tukwanenta ta fara rabarwa. Wallahi abin ya ci mini rai.

Yendi

Hanyar Bimbila ta jijjiga mu son ranta. Direba ya ce, "Mma, amarya ce aka rufe haka?" Ba ta ko kalle shi ba, matar da ba a kayar da ita a baki. A asibiti suka duba, suka tattaɓa, suka ce ba su saba ganin irinsu ba, amma akwai likitan fata da ke zuwa Bawku. Muka kwana a zongo, unguwar Hausawa, gidan wata ƙawarta. Tuwo da miyar ayoyo aka kawo, loma biyu ta yi.

Bawku

Shingen sojoji kam mun sha shi kafin mu isa gidan Kawu Seidu, ƙaninta mai fataucin shanu. Likita ya haska fuskar da wani ɗan madubi mai fitila, ya ɗan yanki fatar kamar ƙwayar gero, ya ce sai an gwada. Muka zauna jira har sakamako ya zo.

Ranar da muka koma likitan ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa, "Mma, wannan ba ya tafiya."

Sai Mma ta dafa bango. "Ba ya tafiya? Shi ke nan, Adiza, kai ni gida in mutu a ɗakina."

Ni ma hawaye suka zubo mini. Likita ya rikice. "A'a, a'a! Kansa ne yake tafiya, ya shiga hanta, ya shiga ƙashi. Wannan yana zaune wurinsa. Ba ya kisa. Yakan bi dangi ma."

Kawu Seidu ya shafa gefen hancinsa. Ashe shi ma yana da guda uku tun yana saurayi, bai taɓa kulawa ba!

Sai Mma ta ce, "Likita, ka kusa kashe ni da Hausarka kafin ciwon."

Gida

Da muka juyo, mayafin yana kafaɗarta. A Yendi ta ci waken da ta saya, ta ci rabin nawa. Mun iso Salaga da la'asar, Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Kawu da likitan nan. Ko zama ba ta yi ba ta aike ni gidan maƙwabta, wai in karɓo mata tukwanenta.