Ranar da Na Yanka Tarun Pak Bujang

Alhamis: Danau Kota zuwa Kuching

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ɗauki jakata, abokin zamana Mubarak ya leƙo daga bargo ya ce, "Wai duk hutun nan kifi za ka je ƙirgawa?" Na ce ba kifi ba ne, dolfin ne, dabbar ruwa mai shayar da ɗanta, kamar ayu ɗinmu na kogin Neja. Sai na yi saurin kama bakina. Shekara uku ina unguwar Danau Kota a Kuala Lumpur ina karatun kwamfuta, ban taɓa gaya wa kowa cewa ni ɗan masunci ne daga Yawuri ba. In an tambaya sai in ce Kebbi, in kawo wani zancen. Kunya nake ji, gaskiyar ke nan.

Motar haya ta kai ni filin jirgi cikin awa guda, na yi asuba a can. Mun tashi bakwai da kwata, muka sauka Kuching ƙarfe tara. Ƙasa ɗaya ce, amma sai da aka buga mini hatimi a fasfo. Jami'in ya ji abin da ya kawo ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya ya ce da yarensu, "Boleh, boleh," wato ba laifi, in wuce.

Dakta Lim, shugabar masu binciken dolfin, ta kwashe mu mu huɗu da muka zo taya ta aiki zuwa wani ƙauyen masunta, kilomita talatin da ɗoriya, daji ya rufe shi ta ko'ina sai ta bakin kogi. Ni aka sauke ni gidan wani tsoho, Pak Bujang, wato Baba Bujang da yarensu. Matarsa ta cika ni da shinkafa da kifi mai yaji har na ce a yi haƙuri. A baranda aka shanya tarunsa, shi ke nan gare shi, da shi yake ci da iyali. Ƙarninsa ya buge ni, wallahi kamar ƙofar gidanmu.

Juma'a da Asabar: kan ruwa

Bakwai muke fita a jirgin ruwa mai inji, mu dawo da azahar. Aikina ɗaukar hoto da rubuta wurin da muka ga dolfin. Ran Asabar muka ga wata uwa da ɗanta, toka-toka, kai mulmul, suna fitowa su huci su koma. Dakta ta ce taru ne ajalinsu: in ɗaya ya sarƙe, mintuna kaɗan ya nutse. Masunta kuma ba sa kiran masu binciken, don sun san yanke musu taru za a yi.

Lahadi

Ba aiki, sai na bi Pak Bujang janyo taru a kwalekwalensa. Tun daga nesa na ga ruwa na tafasa a gefe guda, na san wannan ba kifi ba ne. Ɗan nan ne, igiya ta naɗe masa jela, uwar na kewayawa. Tsoho ya kama warwarewa da hannu. Ɗan ya huci sau ɗaya ya yi ƙasa.

Na ce, "Pak, ba lokaci!" Ya ci gaba da warwarewa. Na zare wuƙar da ke gefen kwalekwale, na yi bismillah, na yanka wuri uku. Ɗan ya sulale, ya taso ya ja numfashi, suka wuce da uwarsa.

Na juyo ina murna, sai na ga fuskar tsoho. Ɓarakar da na yi, saniya za ta wuce ta ciki. Har muka isa gida na kasa haɗa ido da shi. Mutum ya sauke ka, ya ciyar da kai, ka yanka masa hanyar abinci!

Bayan la'asar na zauna a baranda, na ɗauki allurar saƙar taru da zare. Shekara goma rabona da ita. Ƙulli na farko ya kwance, na biyu ma. Daga nan hannuna ya tuna da kansa. Pak Bujang ya tsaya a kaina, ya ja ƙullin da ƙarfi, bai motsa ba.

"Wa ya koya maka?"

"Babana. Masunci ne."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya zauna ya kama ɗaya ɓangaren. Kwana biyu muka yi a kai, Dakta ta ɗaga mini aiki. Da muka gama, a gabana ya ce Dakta ta rubuta masa lambar wayarta, in ya sake ganin dolfin a taru zai kira ta.

Laraba: komawa

Na bar ƙauyen ƙarfe takwas da busasshen kifi a jaka, la'asar ta yi mini a Danau Kota. Mubarak ya toshe hanci, na ce ya saba, ɗan masunci yake zaune da shi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Dakta Lim, da Pak Bujang da matarsa da suka riƙe ni kamar ɗa.

Sannan na kira Yawuri. Na ba Baba labari tsaf. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Hamisu, ƙullin ya riƙe?"

"Ya riƙe, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ni da na ɗauka ka yar da abin da na koya maka a hanya."