Gizo-gizon Oronza

Oronza tana amarya gizo-gizo ya cije ta a gonar taba, can bayan garin Galatina. Ba wanda ya ga cizon, amma duk ƙauye ya ga rawar. A nan kudancin Italiya maganin ke nan: a kira mai goge da masu bandiri, a yi ta lalube har a dace da kiɗan da gizon yake so, marar lafiya ta taka har dafin ya bi gumi. Kuma muddin gizon yana raye, ciwon sai ya dawo kowace shekara.

Na Oronza kuwa gizo ne mai tsari. Bai taɓa tashi ba sai aikin taba ya yi tsanani. Yana son jan ƙyalle, ba ya son muryar uwar miji. Mutane har daga wasu ƙauyuka suke zuwa kallo, makaɗa kuma su share tukunyar taliyar mijinta Pantaleo tas.

Da abin ya ishi Pantaleo, sai ya shiga gona ya kashe wani gizo, ya kawo mata a kwalin ashana.

"Ga mutumin naki, na gama da shi."

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Wannan ɗan tsakon? Kai dai Pantaleo ba ka da ido. Nawa ya fi ka ƙirji."

Haka suka yi ta yi duk shekara, yana kawowa tana kushewa. Wannan baƙi ne, wancan ƙafarsa gajera. Daga baya ya gaji ya bari.

Sai tsufa ya zo ya kama mata gwiwa. A rawarta ta ƙarshe faɗuwa ta yi ta kasa tashi, ta ji yara suna dariya a bakin taga, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ga lokacin yana sake matsowa. In ta taka, ta sha kunya. In ta ƙi, a ce dama can ƙarya take yi. Ta rasa wanda za ta gaya wa, ta koma faɗa da kaji.

Ana gobe makaɗa za su zo, Pantaleo ya dogara sandarsa zuwa bayan tulun mai, don shi ma gona ta fi ƙarfinsa yanzu. Ya dawo da kwalin ashana ya ajiye mata a cinya. A ciki wani busasshen gizon ɗaki ne, ko ƙafafunsa ba su cika ba.

Oronza ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa.

"Shi ne," ta ce. "Wayyo, dubi yadda ya rame."

"Ai tun daga nesa na gane shi," in ji Pantaleo. "Bari in je in ce wa mai goge ya ci taliya a gidansa."